Gwiwar Kaka da Kwamfutar Likita

Shagon ɗinkina a jikin gidan yake, tagarsa ta baya kuma tana kallon falonsu kai tsaye. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa da idona na gan shi, sauran kuma yarinyar ce ta gaya mini da bakinta. Har yau in na tuna sai na ajiye almakashi, don kada in ɓata wa mutane yadi.

Likita ake ce mata. Ba likitanci take karantawa ba, ilimin halittu take yi a jami'a, ta faɗa ta sake faɗa har ta gaji. Amma tun ranar da kawunta ya gan ta da farar rigar ɗakin gwaji ya yanke hukunci, sunan kuwa ya zauna. A gidansa take saboda ya fi kusa da makaranta, tana kwana a ɗakin Kaka, mahaifiyarsa, kan wata katifa a bakin ƙofa.

Lokacin da karatun yake na kwaɗi da ganyaye da kwalabe, mutanen gidan ba su da matsala da shi. In ta shigo da kwalba da wani abu yana iyo a ciki kowa sai ya matsa, Anti matar Kawu har takan tsawata wa yara ta ce Likita na aiki. Rigimar ta fara ne da darasin koyon rubuta wa kwamfuta umarni, wanda su ɗaliban suke kira kodin. Bara ta faɗi shi. In ta sake faɗi bana, dokar sashensu ta ce ta tattara ta bar makarantar. Tana zaune kan buhun ƙyallaye a shagona ta gaya mini haka, tana murza yatsunta.

Ni da ban san komai a kwamfuta ba sai da ta yi mini bayani na gane. An ba kowane ɗalibi tarin bayanan ƙwayoyin halittar sauro, haruffa huɗu kacal suna ta maimaita kansu layi bayan layi, wanda in mutum ya ce da ido zai karanta sai ya yi furfura bai kai rabi ba. Aikinta ta rubuta umarnin da zai sa kwamfuta ta bi layukan nan ta tsamo sauron da maganin feshi ba ya kashewa. Na ce mata ai wannan ko ni sai in nuna mata su, duk a shagona suke kwana. Ta yi dariya, ta ce umarnin ma ta riga ta rubuta shi, ta sha wahala amma ta rubuta. Abin da ya rage kwamfutar ta gudanar da shi daga farko har ƙarshe, ta fitar da sakamakon da za a nuna wa malama.

Kwamfutar tata ce, mahaifiyarta ta saya mata ta hannu. Batirin ya daɗe da mutuwa, sai an jona ta da wuta, kuma saboda tsufanta aikin yana cin kusan yini guda. In aka katse shi, ko saura ƙiris ne, sai ya koma farko. Na tambaye ta ko babu dabarar da zai ci gaba daga inda ya tsaya. Ta ce akwai, amma a darasi na gaba ake koyarwa, kuma sai wanda ya ci wannan yake shiga. A makaranta kuwa ɗakin kwamfuta layi ake yi, kafin ka gyara zama an ce ka tashi, abokan karatunta kuma kowa tasa na kan nasa aikin. Da dare ba magana, don Kawu da ya dawo daga isha'i yake kashe babban makunnin gidan, wai wayoyin wuta ma suna bukatar hutu. Yini ɗaya take nema wanda ba wanda zai taɓa mata kwamfuta.

Soket ɗaya ne mai lafiya a gidan, a falo, bayan talabijin. Ranar farko ta jona da sassafe, ta sa aikin, allon ya yi baƙi sai wani ɗan ɗigo yana ƙiftawa, ta tafi wanke-wanke. Ina kallo Anti ta shigo da kayan guga, ta sunkuya ta leƙa allon sosai, ta cire wayar, ta jona dutsen guga. Da Likita ta dawo ta tsaya da kumfa a hannu, Anti ta riga ta magana.

"Sai da na duba, ba abin da take yi. Baƙi ƙirin."

Likita ta ce a ciki take aikin, ba a gani. Anti ta ce ita ma a ciki take fama da abubuwa da yawa da ba a gani, amma ba wanda ya taɓa ɗauke mata guga saboda haka.

Washegari sai ta zauna gadi. Wannan ya fi na jiya muni. Yarinya zaune a falo, hannu kan cinya, tana kallon baƙin allo, ai a idon Anti wannan tallar zaman banza ce. Tunda zaune kike miƙo mini wancan, tunda zaune kike duba tukunya, tunda zaune kike je ki sayo sabulu. Ta je ta dawo ta tarar da Yaya, babban ɗan Kawu, ya miƙe ƙafa yana kallon ƙwallo a kwamfutar. Ya ce ta ma gode masa, ya rufe mata wani baƙin abu da ya ga yana sa injin nauyi. Ɗan filashin da take ajiye kwafin aikinta ma ya are shi tun makon jiya, ya share abin da ke ciki ya zuba wasanni, ya ce ya duba ya ga haruffa ne kawai marasa ma'ana.

Ni na ba ta shawarar ta riƙa sa farar rigar nan in za ta zauna, ko a gane aiki take. Dabarar ta yi amfani har zuwa hantsi. Anti ta shigo da aike a baki, ta ga rigar, ta juya. Sai ga Kawu ya shigo da wani maƙwabci mai maruru a wuya, ya ce Allah ya taimake su yau Likita na kan aiki. Kafin ta gama rantse-rantsen cewa ba ta san maganin maruru ba, ƙafar mai marurun ta shuri wayar.

Da na ga abin ya ƙi ƙarewa na ce ta kawo kwamfutar shagona, ina da soket, ba mai shiga sai masu awo. Ta ɗauko ta har ta kai bakin ƙofa, Kawu ya tare ta. A ranar ya kira taro a falo, taga a buɗe, ina jin komai. Ya ce shi ba ya son son kai. Duk abin da ya sha wutar gidansa ya zama ɗan gida, ba ya fita sai da izininsa. Tunda kuma ɗan gida ne, kowa yana da haƙƙi a cikinsa, kuma za a bi tsarin girma: Kaka, sai shi, sai Anti, sai Yaya, sannan Likita. Likita ta ce da ladabi ai Kaka ko waya ba ta iya dannawa ba. Kawu ya ce wannan ba hujja ba ce, shi ma bai iya ba, amma bai yafe rabonsa ba.

Doguwar wayar wuta da Likita ta daɗe tana roƙo a saya aka ce tsada, ranar nan aka sayo ta, aka ja daga falo zuwa ɗakin Kaka, don a cika wa tsohuwa haƙƙinta. Likita ta zo shagona idonta na ƙyalli, ta ce ta samu mafita. Kaka ba ta kallon ƙwallo, ba ta guga, ba ta zuwa ko'ina. Za ta sa aikin, ta ɗora mata kwamfutar a cinya, haƙƙi ya cika, aiki ya tafi. Wallahi ni ma na ce dabara ta yi.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne zafi. Kwamfutar nan in tana wannan aikin ɗaukar zafi take kamar murfin tukunya, fankarta na ta huci. Kaka kuwa ta yi shekaru tana fama da ciwon gwiwa, an sha shafe-shafe an gaji. Ba a jima ba tsohuwa ta lumshe ido, ta ce ashe yarinyar nan da gaske likita ce. Sai ta ga murfin da ke tsaye yana hana abin kwanciya sosai a kan gwiwa, ta sa hannu ta rufe shi. Kwamfuta ta yi barci, aiki ya tsaya, zafi ya tafi. Kaka ta ƙwala kira ta ce wa ya kashe mata magani.

Likita ta shiga cikin kwamfutar ta gyara yadda ko an rufe murfin aikin zai ci gaba. Washegari Kaka ta rufe, zafi bai tafi ba, kowa ya ji daɗi. Sai tsohuwa ta yi tunanin asara ce zafi mai kyau haka yana fita ta gefe, ta ɗauko bargo ta naɗe kwamfutar da gwiwar gaba ɗaya. Injin ya yi ta huci a cikin bargo har ya kasa, ya kashe kansa. Da Kawu ya dawo Kaka ta gaya masa yarinyar nan auna mata zafin take yi, da ta ga ta fara jin daɗi sai ta ɗauke. Kawu ya tsayar da Likita a tsakar gida ya tambaye ta ko ta manta matar nan ita ta haifi uwarta. Ta yi ƙoƙarin bayanin fanka da iska, ya ce kada ta kawo masa turancin makaranta a kan maganar tausayi.

Labari ya fita unguwa, kuma Kawu ne ya fitar da shi. A bakin shagona na ji yana gaya wa mutane 'yar ƙanwarsa ta ƙirƙiro na'urar ciwon gaɓoɓi tun ba ta gama karatu ba. Cikin 'yan kwanaki ƙawayen Kaka suka fara zuwa, wannan da gwiwa, wannan da ƙugu, wata ma da ciwon haƙori, wai a gwada. Anti ce mai tsara layi, har da shimfiɗa tabarma a baranda. Duk lokacin da za a miƙa kwamfutar daga wata gwiwa zuwa wata sai wayar ta zare, allon ya mutu, a kira Likita ta sake sa zafi. Tana zuwa, ta durƙusa, ta kunna, ta danna, aikin ya fara daga layin farko. Ta ce mini sauron da ke farkon jerin nan ta san su kamar 'yan ɗakinsu, na ƙarshen kuwa ba ta taɓa ganinsu ba.

Yarinyar ta rame. Ta daina zuwa shago hira, in ta zo sai ta zauna ta ƙura wa keken ɗinkina ido. Ta kira mahaifiyarta a waya, uwar ta ce ta yi haƙuri, gidan mutane ne, kuma Kaka uwa ce. Ni raina ya ɓaci, na shiga gidan na sami Anti a kicin na ce mata ku ji tsoron Allah, yarinyar nan korarta za a yi. Anti ta ce ci take, sha take, ba a taɓa ɗaga mata hannu ba, kuma kullum tana manne da kwamfutar nan, in ba ta ci jarrabawa ba ai sai dai ƙwaƙwalwa. Na tari Kawu a ƙofa na maimaita masa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya gyara hula.

"Ba ilimin halittu take yi ba? To ga halitta nan a ɗaki tana nishi. Sauro ya fi uwata ne?"

Ya ƙara da cewa in na gaji da hayar shagon nasa akwai masu nema. Na koma na zauna a kan kekena, ina ɗinki ina zaginsa a zuci.

Da lokacin miƙa aiki ya zo, Likita ta je ta gaya wa malamarsu gaskiya tun daga farko. Ta ce malamar ta cire tabarau ta dube ta, ta ce ta ji uzuri iri-iri a rayuwarta, na wuta, na rashin lafiya, na mutuwa, amma ba a taɓa kawo mata gwiwa ba. Duk da haka matar kirki ce. Ta ce ranar ƙarshe ta shigar da maki ta zo da kwamfutar da safe, a jona a ofishinta, a kulle ƙofa, in ya gama kafin a tashi ta ci. Likita ta dawo ta durƙusa gaban Kawu ta nemi izinin fita da kwamfutar yini ɗaya. Ya ce zai duba.

Ranar da safe ta tashi ta tarar ba kwamfuta, ba Kawu. Anti ta ce ai ogansu a wurin aiki ne bayansa ya riƙe, Kawu ya yi masa alkawarin na'urar tun shekaranjiya, kuma mutum ba ya saɓa wa ogansa saboda makarantar yara. Ta ce in ya dawo da yamma sai ta kai. Likita ta kira shi bai ɗauka ba. Ta sa takalmi ta tafi makaranta hannu rabbana.

Tana tsaye gaban malamar tana neman ta inda za ta fara, sai wayarta ta yi ƙara. Kawu ne. Ta ɗauka tana zaton ya tuna. Muryarsa har malamar tana ji.

"Ke, wane maɓalli ake dannawa ta yi zafi? Mutum yana kwance rub da ciki tun ɗazu, abu sanyi ƙalau. So kike ki kunyata ni?"

Ta ce mini ta tsaya da wayar a kunne, malama na kallonta, sai ta ji bakinta da kansa yana gaya masa inda zai danna. Bai iya ba. Ya kashe wayar yana cewa za su haɗu a gida. Malamar ta jira har aka tashi, sannan ta rubuta abin da doka ta ce ta rubuta.

Da sakamako ya fito Kawu ya sake kiran taro. Ya ce shi bai san abin da ba a yi wa yarinyar nan ba. An ba ta ɗaki, an ba ta wuta, har doguwar waya an saya. Ba ranar da za ka shigo gidan nan ba ka gan ta durƙushe gaban kwamfuta ba, amma ta faɗi darasin kwamfuta, sau biyu. Anti ta ce ita tun farko ta faɗa, zama kawai take yi. Yaya ya ce kodin ba na kowa ba ne. Daga ƙarshe Kawu ya sassauta murya ya ce shi ba zai mayar da ita wurin uwarta da wannan kunya ba, ta zauna nan, tunda Allah ya sa akwai abin da ta iya. Gwiwar Kaka tana bukatar mai kula da ita na dindindin.

Daga nan aka gyara tsari, kuma a nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Da Likita ta ce in ana son zafi ya daɗe sai a bar murfin a buɗe, a ajiye kwamfutar a kan kujera hucin yana bugun gwiwa, kada a naɗe, kada a motsa, nan take kowa ya gane. Maganar da ta yi wata da watanni tana yi ana cewa turanci ce, yau ta zama doka. Kawu da kansa ya manne wayar da bango. Ya sallami tsofaffin unguwa, ya ce na'urar ta iyali ce. Ya hana Yaya ko wucewa ta ƙofar ɗakin. Anti ta kwaso kayan gugarta ta zo shagona tana tambaya ko soket ɗina yana aiki. Ashe gidan nan sun iya barin kwamfuta ta yi yini ba a taɓa ta ba. Ashe sun iya yin shiru, sun iya haƙura da guga da ƙwallo. Ba su taɓa ganin karatun yarinyar ya kai a yi masa haka ba ne kawai, kuma har gobe in ka tambaye su za su ce maka riƙo suka yi mata na tsakani da Allah.

Ranar farko ta sabon tsarin, bayan la'asar, Likita ta leƙo ta taga ta yafito ni. Na bi bayanta zuwa ɗakin Kaka. Tsohuwa na kishingiɗe, ƙafafu a miƙe, kwamfuta a kan kujera. Fankar da ta wuni tana huci ta yi shiru. Baƙin allon nan ya cika da rubutu fari, layi a kan layi, har ƙasa. Likita ta durƙusa ta bi su da yatsa a hankali, ta kai ƙarshe, ta sake komawa sama. Ta ce mini ga su nan, duk sauron da ake nema, ba kuskure ko ɗaya, tun farko umarnin daidai ta rubuta shi. Ba ta yi kuka ba, ni ce na juya ina share ido da gefen mayafi.

Kaka ta motsa ƙafa, ta buɗe ido ɗaya.

"Likita, ta huce. Sake sa mata."

Yarinyar ta ɗan ƙara kallon rubutun, sannan ta kai hannu ta danna. Allon ya koma baƙi, fanka ta fara huci, Kaka ta mayar da idonta ta rufe.